Goggo Rasit, Wadda Ta Raba Mu da Tsoron Takardar Haraji

Kullum da safe, kafin injin buga littattafai na ƙasan bene ya fara kukansa, za ka ji takunta a kan matakala. Ba ta sauri. Ta hau uku, ta huta, ta gaida wanda ta tarar. Idan ta isa ɗakinta na sama sai ta buɗe taga, haske ya kwanto a kan tebur, ƙurar takarda ta riƙa yawo a cikinsa kamar ba ta da wurin zuwa. Ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna tsohuwar kwamfutar da 'yarta ta bar mata, ta zauna tana jiranmu.

Mu 'yan haya ne a wannan dogon gini: masu zane irina, masu surfani, mai ƙera 'yan kunne, marubuta biyu, wani makaɗi mai koyar da kiɗa ta waya, da dattijon da muke kira Baba Mai Hoto. Babu mai albashi a cikinmu, kowa hannunsa ne ubangidansa. Mun iya haɗa launi, mun iya jan zare, amma da an ce takardar hukuma sai gabanmu ya faɗi.

Goggo Rasit muka sa mata, don ko gaisuwa ka kai, kafin ka rufe baki za ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Ina rasit?"

Shekara talatin da ɗaya ta yi a bayan tagar ofishin haraji tana karɓar fom, har ta yi ritaya da niyyar hutawa. Sai ga sabuwar doka: duk mai sana'ar kansa ya daina kai takarda sau ɗaya a shekara. Daga yanzu ta waya ko kwamfuta zai riƙa shigar da abin da ya samu da abin da ya kashe a kan sana'a, ya aika duk bayan wata uku. Wanda ya makara, tara ce.

A makon da wasiƙun sanar da dokar suka iso ta zo karɓar rigarta wajen mai surfani, ta tarar da ita ta kifa kai a kan keken ɗinki tana kuka. Goggo ta karɓi wasiƙar, ta karanta har ƙasa.

"Wannan ce ta sa ki kuka? Share hawayenki, 'yata. Ba ni wata biyu."

Abin da ba ta gaya wa mai surfani ba shi ne, ita ma ba ta san kan manhajar da ake aika rahoton da ita ba. Biro da tambari ta sani. 'Yarta ce ta ba mu labari daga baya: wata biyu cur tana koyo, tana zana kowane maɓalli da hannu a littafin rubutu, ta ɓata, ta sake daga farko. Da ta tabbata ta iya, sai ta kama ɗakin nan, ta liƙa takarda a ƙofa: Mai tsoro ya shigo.

Goggo, ke ce kika koma ɗaliba da furfura a kanki don kada mu ji kunya. Ke ce ba ki taɓa cewa "ai abu ne mai sauƙi" ba, don kin san wannan magana tana sa wanda bai gane ba ya ƙara yin shiru.

Kowa ya hau wajenta, ban da Baba Mai Hoto. Shekara arba'in yana ɗaukar hoton jama'a a shagonsa na ƙasa, gaban wani labule mai zanen kogi da kwalekwale. Wata safiya muka ga yana kwance labulen, yana naɗe wayoyin fitilu. Ya ce ya gama, zai rufe shago. Ba zai tsufa a kai shi kotu a kan abin da bai sani ba. Muka yi lallashi har muka gaji. Mai ƙera 'yan kunne ya ruga sama ya sanar da Goggo.

Ta sauko a hankali, ta zauna a kujerar da ake zama a ɗauki hoto.

"Yaya, ina za ka kai kogin?"

"Gida. Ni da wannan waya ba ma ga maciji. In taɓa nan ta buɗe can."

"To, kafin ka tafi, ina rasit ɗin takardar wanke hoto da ka saya?"

Ya jawo wani gwangwani cike da takardu, ya dire a gabanta cikin fushi. Ta zaro ɗaya, ta shimfiɗa a tebur, ta miƙa masa wayarsa.

"Rabin aikin da suke so, hoton wannan ne. Ni idan na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Taimaka mini."

Ya dubi takardar, ya dubi Goggo. Sai ya yi tsaki ya ce, "Ai dole ya fito dishi-dishi, kin sa ta a inuwa." Ya kunna fitila ɗaya, ya karkata ta, ya miƙar da kusurwar takardar da ɗan yatsa kamar mai gyara wa yaro wuyan riga. Muna tsaye a ƙofa muka ji ya ce wa rasit, cikin muryar da ya saba, "Yawwa. Kar ka motsa."

Dariya ta ƙwace wa kowa, har shi. Goggo ta ce, "Kai da ka sa jarirai suka tsaya cik, takarda ce za ta kore ka daga shagonka?" Kafin azahar labulen ya koma bango. Mako shida tana saukowa wajensa, ba ta bari ya hau matakala. Ranar da ya aika rahotonsa na farko da hannunsa, ya fito bakin ƙofa yana nuna wa masu wucewa saƙon da ya dawo masa.

Kada a ɗauka sanyin halinta yana nufin ana iya juya ta. Makaɗin nan ya taɓa raɗa mata cewa a bar kuɗin da wasu ɗalibansa ke biyansa a wajen rahoton, ai ba wanda zai sani. Ta cire tabarau ta ce, "Ni zan sani. Kai ma za ka sani, kuma kiɗanka zai canja." Sannan ta sa shi ya kawo shaidar tsirkiyoyin da ya saya da gyaran kayan sauti, ta nuna masa cewa duk wannan ana cirewa kafin a yanka masa haraji. Ya fita da sauƙin da ya fi wanda ya zo nema, kuma ba tare da ƙarya ba.

Ni nawa daban ne. Wata rana tana duba takarduna, iska tana ɗaga gefensu, sai ta tsaya a kan wata guda.

"Ɗana, a watan nan shuɗin fenti kawai ka yi ta saya. Kuma ba ka sayar da komai ba."

Watan da mahaifiyata ta rasu ne. Na yini ina zana sararin sama, allo bayan allo, ban nuna wa kowa ba. Ban san takarda tana riƙe irin wannan ba. Na gaya mata. Ta daɗe tana kallon taga, har na ji kamar ɗakin ya tashi da mu yana lilo a cikin haske. Can ta ce, "Allah ya jiƙanta. Za mu rubuta shi a kayan aiki, don aiki ne ka yi. Gobe ka kawo mini ɗaya in gani." Na kawo. Shi ne zanen farko da na fitar bayan rasuwar, kuma daga shi hannuna ya dawo.

Yanzu shekara biyar ke nan. Likita ya ce idonta ya gaji da hasken kwamfuta, 'yarta kuma ta shirya mata ɗaki a gidanta. Ƙarshen watan nan za ta mayar da makulli. Da muka taru muna cewa ina za mu sa kanmu, sai ta ƙirga mu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "A cikinku wa na cike wa fom bana?" Muka dubi juna. Babu ko ɗaya. Ashe ta daɗe da janye hannunta, mu ne ba mu lura ba.

Goggo, uwar masu aikin hannu, mun gode. Kin hana a kulle shaguna, kin hana hannuwa masu kyau su mutu saboda tsoro. Allah ya ba idonki hutu, ya sa jikokinki su yi miki abin da kika yi mana.

Ku kuma da kuke karanta wannan, kowannenku akwai abin da ya iya wanda yake hana maƙwabcinsa sukuni. Kada ku jira ya zo ya tambaya, don kunya ba za ta bar shi ba. Ku je inda yake, ku ja kujera kusa da tasa, ku zauna har sai ya yi da hannunsa.