Dattijon da Ya Bar wa Baba Gurbi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, na kai Baba ɗakin gashin ƙashi a asibiti. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bai furta ko kalma ɗaya ba.

A kan bencinmu akwai wani dattijo siriri, hularsa ta koɗe, tabaraunsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Yana buga sandarsa a ƙasa a hankali, leɓɓansa na motsi. Ina jin tsohon malamin makaranta ne, ko mai rubuta waƙa da ba a taɓa bugawa ba.

Ya dubi Baba, ya dube ni. "Ɗan nan, mece ce sana'ar babanka?"

"Tela ne."

Sai ya matso, sandarsa tana ba da kari:

"Tela, tashi, tufa ta tsufa,
Taro na tafe, taimaka da tufa."

Ya yi ta maimaitawa. Can sai ya tsaya a "taimaka da", ya ɗaga gira yana jira. Bakin Baba ya yi rawa, ya ce, "Tufa."

Dattijon ya yi dariya. "Ashe rowar magana kake mana, maigida! Ka gani, ɗan nan? In kalmomi suka yi kama, kowace takan riƙo hannun 'yar'uwarta. Kai dai ka bar masa gurbi."

Haka nake yi kullum, yanzu har Baba na amsa gaisuwa. Na koma in yi godiya, ma'aikaciyar jinya ta ce an sallami dattijon, 'yarsa ta tafi da shi garin da take aure.