Zanen Sabi'u a Bayan Tayil

Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar Sabi'u mai tayil a babur ɗina, daga Rogo zuwa duk inda aiki ya kira shi. Mutum ne mai nawa har ya ba ka haushi. Idan ya yaɓa filasta, sai ya ɗauki ƙusa ya zane ta tun tana ɗanya, layi-layi a karkace kamar kunyar gyaɗa, don siminti ya sami abin kamawa. Daga nan ya yi kwana bakwai yana ba bango ruwa kafin ya ɗora tayil ko guda. Na sha tsokanarsa cewa yana yi wa bango kwalliyar da ba mai gani. Sai ya yi murmushi ya ce Allah yana gani.

Duk gidan da ya samu aiki, sai ya jawo Halliru mai famfo, mijin ƙanwarsa Bahijja. Sabi'u ne ya saya masa kayan aikin farko, shi ya riƙa tsaya masa a gaban masu gida. Haka suka yi aikin gidan Hajiya Tani a Karaye, inda kicin da banɗaki suka haɗa bango ɗaya.

Wata takwas bayan nan tayil ya fara kumbura, rannan guda uku suka zubo, ɗaya har cikin tukunyar miya. Kafin kasuwa ta tashi labari ya iso mana Rogo. Kwamitin masallacinmu, da suka yi wa Sabi'u alkawarin aikin wurin alwala, suka ce a dakata tukuna. Sunansa ne kawai jarinsa, ga shi ana yawo da shi a bakin masu shayi.

Na kai shi Karaye da guduma a jaka. Halliru ya riga mu isa, yana tsaye a ƙofar kicin yana ta jajantawa. Sabi'u ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar cokalinsa na gini, inda ya ji amon rami ya ɓamɓare. Dama da hagu ga zanensa nan raɗau, filasta garau. A tsakiya kuwa, wajen faɗin faifai, filastar sumul take babu zane ko ɗaya, baƙa, jiƙe, tana marmashewa a hannu. Ya tona ciki, sai ga fayif ɗin ruwa da ya tsage an naɗe shi da robar tayar babur. Ko ni ɗan acaɓa na gane. Bayan Sabi'u ya gama aikinsa wani ya fasa bangon, ya ɗaure ɓarnarsa da roba, ya shafe, ya mayar da tayil.

Halliru ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, don girman Allah ka rufa min asiri. Ka dubi Bahijja da yara."

Hajiya Tani ta leƙo daga tsakar gida. "Malam Sabi'u, me ka gani?"

Na zuba wa Sabi'u ido. Ya cusa robar a aljihu, ya ce, "Laima ce, Hajiya. Zan gyara, in sha Allahu."

Ya kankare ruɓaɓɓiyar filastar har sai da bulo ya fito, ya sa Halliru ya yanke fayif ɗin ya haɗa sabo da gam a gabansa. Ya bar bangon ya sha iska, ya yaɓa, ya zane, ya yi kwana bakwai ɗinsa. Kullum ni nake kai shi in dawo da shi, bai taɓa ambatar sunan Halliru ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ina zaune a majalisar Shitu tela da ke ƙofar masallaci, sai shugaban kwamitin ya tambayi Halliru gaskiyar abin da ya faru a Karaye. Da kunnena na ji amsar. "Ai Yaya ya amsa laifinsa a gaban Hajiya. Tsufa ne, hannu ya fara sanyi. Akwai wani mai tayil da nake aiki da shi yanzu, zan kawo muku."

Wallahi da ba a riƙe ni ba, da na yi abin kunya a ƙofar masallaci. Na je na faɗa wa Sabi'u, na ce ya fito da robar nan kowa ya gani. Ya ce Bahijja tana da tsohon ciki, in bar maganar. Wani ne ya yi aikin wurin alwalar, mu kuma muna alwala a wurin sau biyar a rana.

Har yanzu Sabi'u yana samun aiki, ƙanana, a ƙauyuka. Bai daina zane da ƙusa ba. Abu ɗaya ne ya canja, kuma shi ya fi ci min rai. Yanzu idan ya gama zanen, ba ya ɗora tayil sai ya kira mai gida.

"Alhaji, zo ka gani da idonka kafin in rufe."