Ƙulli Uku a Cikin Hula: Daga Limanti Zuwa Bama

Limanti, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na tashi a gidanmu da ke unguwar Limanti. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da ƙafa: daga ɗakina sai rumfar ƙungiyarmu, inda muke koya wa matan da rikici ya raba da gidajensu ɗinkin hula, daga rumfa kuma sai ɗakina. Maigida ma sai da ya tsokane ni. "Kaltum, ke da ko Bulumkutu da ke nan cikin gari sai da rakiya, yau ke ce za ki Bama?" Na ce, "Malam, kira ne, ba yawo ba."

Kiran na Ya Falmata ne. Dattijuwa ce da ta yi shekaru tare da mu a nan Yerwa, ita ta koya wa rabinmu riƙon allura, kafin ta koma gida Bama. Ranar da suka gudo, a daji ta rabu da 'yarta Yagana, kuma har yau ba a ji mutuwarta ba, ba a ji tana raye ba. Sau uku ƙungiya tana roƙon a ɗauke ta bidiyo a sa a intanet don masu taimako su gani, sau uku tana jan mayafi ta juya baya. Sai kwatsam ga saƙonta: "Ki zo mini da mai ɗaukar hoton nan. 'Yata zan nema."

Mai ɗaukar hoton ita ce Asabe, 'yar Biu, ma'aikaciyar ƙungiya. Biyar da rabi ta iso da keke napep, jaka a kafaɗa, muka nufi tashar motocin Bama.

Tashar Bama zuwa Konduga

Motar ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direban, wani dogo mai carbi rataye a madubi, ya dube ni ya ce, "Hajja, wannan ƙunshin mutum ne ko kaya?" Na ce zare ne da turaren wuta na tsaraba. Ya ce, "To zauna gefen taga, motata ma ta samu rabonta na ƙamshi."

A shingen farko muka tarar da dogon layi ana jiran buɗe hanya. Kowa ya sauko, katin shaida a hannu, muka taka da ƙafa muka wuce, mota ta same mu a gaba. Daga nan aka daina hira. Gonaki ne dama da hagu, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye. Wata mata a bayana tana ta salati ƙasa-ƙasa har Konduga.

Tara da minti goma muka tsaya a Konduga, na sayi ƙosai da kunu. A nan Asabe ta buɗe mini takardar shirinta. "Inna, mutanen intanet ba su da haƙuri, da yatsa suke ture mutum. In ba a kama su a farko ba, sun tafi. Da fuskar Ya Falmata zan fara, in hawaye ya zo shi ke nan, sai in rubuta Turanci a ƙasa don masu taimako."

Ba zan ci amanar Asabe ba: bidiyonta ne ya kawo mana masu sayen hula daga Legas lokacin da rumfarmu ta kusa tashi. Amma kunnena ya riƙe wata kalma, masu taimako, masu taimako, ita take ta maimaitawa. Ita kuwa tsohuwa ba taimako ta ce tana nema ba.

Bama

Direba ya ce kilomita saba'in da 'yan kai ne daga gida, amma shingaye suka sa sai sha ɗaya da rabi muka shiga gari. Sabbin kwanoni na sheƙi kusa da bangayen da har yanzu baƙin wuta bai goge ba. Ban so kallo ba, ido ne ya ƙi jin magana.

"Wushe, wushe, Kaltum! Ashe kina da ƙafa?" Haka Ya Falmata ta tarbe ni da gaisuwar Barbarci, ta rungume ni, na ji duk ƙasusuwanta. Ta kawo burabusko da miyar kuka mai busasshen kifi, ta tsare mu sai da muka ga gindin kwano.

Bayan azahar Asabe ta kafa wayarta a kan sanda mai ƙafa uku, ta ce, "Ya Falmata, ki dubi nan, ki faɗa mana yadda kuka rabu."

Tsohuwa ta girgiza kai. "'Yar nan, wannan fuskar wa zai gane ta? Ranar da muka rabu haƙorana cike suke. Yagana da kanta za ta wuce ni a kasuwa. Hawayena kuma na gama ba Allah, ban rage wa kowa ba."

Ta ɗauko wata hula daga cikin kwalla. Asabe ta yi murna, ta shiga ɗaukar adon, tana juya ta a hasken rana. Ya Falmata ta ƙyale ta ta gama, sannan ta karɓe hular ta birkice cikinta waje. Can kusa da baki, inda ba mai kallo, ga ƙulli uku ƙanana da jan zare a jere.

"Uwata ta koya mini, ni na koya wa Yagana, ban koya wa kowa ba, har ku. Nawa dama suke kwantawa. Nata hagu, don bahaguwa ce. In tana raye tana ɗinki, don ba ta iya zama hannu sake ba."

Asabe ta ce to za ta sa a shafin ƙungiya, mutane da yawa za su gani. A nan bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, "Asabe, a cikin mutanen naki masu yawa, wa ya taɓa birkice hula? Mai saye ado yake kallo. Mai sawa kansa kawai yake cusawa. Mutum ɗaya ne a duniya ke duba cikin kowace hula: mai wankin hula."

Asabe ta ninke takardar shirinta ta cusa a jaka, ta ce, "Inna, na zo da amsa ban tambayi wa muke so ya gani ba."

Aka sake sabon lale. Babu fuska, babu gida, babu sunan unguwa. Hannun tsohuwa kawai, yana birkice hula, yatsa yana nuna ƙulli. Ita ta yi magana da Barbarci, ni na maimaita da Hausa: "Masu wankin hula, don Allah ku duba ciki. In kun ga irin wannan, ku kira." Lambar ƙungiya aka sa, ba tata ba. Rabin minti ne duka, Asabe ta ce don kada ya yi wa ƙananan wayoyi nauyi. Sau shida ina maimaitawa kafin ya yi daidai. A ɗakin Ya Falmata muka kwana, ni da ita tabarma guda.

Laraba, komawa

Takwas muka kama hanya. Ya Falmata ta rako mu har bakin mota, ta danƙa mini hular, ta ce, "Ki nuna musu da ido ma." Shingayen jiya, saukar jiya, sha biyu saura muka shigo Yerwa.

Ba mu nufi gida ba, sai rumfar Ba Modu, wanda ya shekara ashirin yana wanke wa Malam huluna. Muka same shi yana jera su a kan katako suna shan rana. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya birkice hular, ya shafa ƙullin da babban yatsa. "Hajja, muna da guruf a waya. Akwai na Damaturu, na Kano, har na Diffa. Kullum gardamar sitati muke yi a ciki, yau dai ya samu aikin lada." A gabanmu ya tura.

La'asar na shiga gida. Malam ya ce, "Matafiya, an ga duniya?" Na ce na ga abin da ya ishe ni.

Kwana tara shiru. Rana ta goma Asabe ta shigo rumfa ko sallama babu, ta miƙo mini waya. Hoto ne daga wani mai wankin hula a Diffa. Cikin hula, ƙulli uku, jan zaren ko kodewa bai yi ba. Ya ce wankinta na farko ke nan, kuma zai tambayi mai ita inda ya saya.

Nan take na kira Bama. Ya Falmata ta saurare ni har na kai aya, ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Kaltum, duba da kyau. Ina suka kwanta?"

Na kai wayar bakin ƙofa inda haske yake, na duba, na ba Asabe ita ma ta duba.

Na ce, "Hagu, Ya Falmata."

Ba mu ga Yagana ba tukuna, kada wani ya ce na faɗi abin da ban faɗa ba. Amma hannunta yana ɗinki. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Asabe da ta yarda ta ninke takardarta, da Ba Modu da 'yan'uwansa, waɗanda yanzu ba sa tsoma hula a ruwa sai sun duba cikinta.