La'asar ɗin da Maiguwa Bai Yanke Ba

Maiguwa ɗan Halidu mai shayar da shanu ne a wata rijiya da ke cikin kwarin Ibohamane. Duk wanda ya san shi abu biyu zai faɗa maka a kansa: ba ya makarar salla, hannunsa kuma ba ya makarar kai duka. Mutane kan yi mamakin yadda halayen nan biyu suka zauna cikin mutum guda, alhali babu abin mamaki, don rana ɗaya ya samo su, a hannun mutum ɗaya.

Ubansa Halidu bai yi nisa a karatu ba, amma ɗan abin da ya sani ya riƙe shi da ƙarfi har ya wuce wuri. Wata rana, Maiguwa yana saurayi ɗanye, suna tsakiyar azahar shi da uban, sai akuya ta tsoma kai cikin ƙwaryar geron da uwarsa ta surfa. Maiguwa ya yanke salla ya kore ta. Halidu ya idar da tasa a tsanake, ya shafa addu'a, sannan ya ɗauko igiyar rijiya ta fata, ya jiƙa ta, ya ɗaure ɗansa a turken shanu, ya yi ta zabga masa har bayansa ya farfashe. Uwar ta shiga tsakani, ita ma ta sami rabonta a kafaɗa.

"In kay yi kabbara," in ji Halidu yana haki, "ko wuta tac ci gidanga, ba ka waiwaye sai ka sallame."

Maiguwa ya warke da tabo a baya, da wannan magana a ka. Bai taɓa zuwa ya tambayi wani malami ko haka abin yake ba. A ganinsa abin da aka koya maka da jini ba ya bukatar tambaya.

Aikin rijiya kuwa ba aikin mai son salla a kan lokaci ba ne. Rijiyar tana da zurfi ƙwarai, hannu ba ya iya jan ruwanta. A bakinta an kakkafa gwafanni na itace, kowace gwafa da igiyarta. Takarkari ke jan igiyar ya yi nisa cikin fili, wasaki ya taso cike da ruwa, mai tsaye a baki ya tarbe shi da hannu biyu ya juye a komi, shanu su yi ca a kai. Da rani masu jira sun fi gwafanni yawa, don haka aka yi doka tun kaka da kakanni: igiyar da ta tsaya ta rasa gwafarta, na bayanka ya jefa tasa. Saboda haka yawancin masu shayarwa sukan tara sallolinsu su zube su gaba ɗaya da almuru, suna neman gafara. Maiguwa ya ce shi ba zai yi wa Allah haka ba. Yana aiki yana satar kallon inuwarsa, da ta kai inda ya sani sai ya saki komai.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne ƙanensa Isufu. Isufu siriri ne, mai dariya, mai tsokana, shi kaɗai ke iya kiran Maiguwa limamin shanu ya kwana lafiya. Idan lokaci ya yi, Isufu ya karɓi bakin rijiya, Cima matar Maiguwa tana korar takarkari, igiya ba ta tsaya ba. In wan ya sallame sai ƙanen ya je ya yi tasa, yana dangwale-dangwale kamar kaza na tsintar tsaba, Maiguwa yana harararsa. Haka suka yi shekaru, kuma Maiguwa yana son yaron nan fiye da yadda bakinsa ya taɓa faɗa.

A farin da aka yi a farkon shekarun saba'in aka ƙulla abin da ya zo ya ci su. Ran nan Isufu ya tafi kasuwar Karofane sayar da maraƙi, azahar ta yi, Maiguwa ya bar igiya a gwafa ya tada salla. Wani makiyayi daga kan tudu, ana ce masa Ɗangana, ya ga igiya tsaye, ya cire ta ya jefa tasa. Bisa doka bai yi laifi ba, kowa ya sani. Maiguwa ya idar, ya naɗe buzunsa na salla, ya ɗauki gorarsa, ya sauke ta a bakin Ɗangana. Haƙoran gaba suka zube cikin laka. Ya ƙara masa a haƙarƙari, ya taka masa wuya a gaban matar Ɗangana da jama'a, sai da ƙarti suka taru suka ɓamɓare shi. An kai Maiguwa garin Keita an tsare shi na ɗan lokaci, ya dawo ko a jikinsa. Ɗangana kuwa tun daga ranar maganarsa ke fita da iska, yara na kwaikwayonsa, ya kuma fara rataya takobi duk inda za shi.

Shekarar tamanin da huɗu fari ya dawo, ya fi na da muni. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar rijiya, ana binsu da wuƙa ana yankawa kafin su zama mushe, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mutum ya matso. Ruwan rijiyar ya ja baya, sai an bar wasaki a ƙasa an jira ya tsattsafo, ya taso rabi ruwa rabi laka. Babu ranar da ba a fasa kan wani a bakin rijiyar nan. An sare wa wata saniya agara saboda ta sha a komin da ba na ubangijinta ba. Mutanen da suka yi kaciya tare suka koma gaisawa da sanda a hannu.

Ranar da abin ya faru, gwafa ba ta zo hannun su Maiguwa ba sai da rana ta karkata. Shanunsu da suka rage tun shekaranjiya ba su sha ba. A bayansu Ɗangana ne ke jira da 'yan shanunsa, ɗaya ta riga ta durƙusa ta kasa tashi, yana tsaye a kanta idonsa jawur. Ba su fi wasaki kaɗan da jawowa ba Maiguwa ya dubi inuwarsa, ya miƙa hannu ga buta.

"Yaya, yau dai ka jinkirta," in ji Isufu ƙasa-ƙasa. "La'asar tana da hili. Dibi idon mutumen ga."

"Malam, ka ji mishi," in ji Cima daga wajen takarkari. "Mu ƙare tukuna."

"Ɗangana na za ya hana ni salla?" in ji Maiguwa. "Riƙa igiya."

Ya cika buta daga komi, ya tsuguna ya yi alwala a gaban shanun da ke kukan ƙishirwa, ruwan yana zuba ƙasa tana shanyewa. Ya taka 'yan taku ya shimfiɗa buzu, ya fuskanci gabas, rijiya ta koma bayansa. Ya yi kabbara.

Bai gama Fatiha ba ya ji muryar Ɗangana mai iska. Cewa yake igiya ta tsaya, mai gwafa ya tafi, layi nasa ne. Isufu ya amsa da lallashi cewa ba tsayawa ta yi ba, wasaki ne ke ƙasa yana jiran ruwa, ya yi haƙuri kaɗan. Ɗangana ya ce haƙurin da ya yi wa gidansu ya isa. Cima ta kora takarkari don a ga igiya na tafiya, wasaki ya taso, Isufu ya sunkuya ya tarbe shi da hannu biyu. A raka'a ta biyu Maiguwa ya ji ƙarar takobi yana fita daga kube.

"Yaya," in ji Isufu.

Maiguwa ya san abin da ya kamata. Ya san Ɗangana na tsoronsa tsoron mutuwa, juyowa kawai zai yi da gora a hannu maganar ta mutu. Ƙafarsa har ta motsa a kan buzu. Amma bayansa ya ɗauki zafi kamar yau aka zane shi, wuyansa ya ƙi juyawa. Ya ce a ransa saura kaɗan, akwai mutane a wurin, wani zai riƙe shi. Mutanen kuwa kowa na riƙe da tasa igiyar, babu mai son ta tsaya. Ya tafi ruku'u.

Sara na farko ya ji shi kamar an sa gatari a ɗanyen itace. Cima ta ƙwalla ƙara. Isufu ya sake kiransa, wannan karon da wata murya da Maiguwa bai taɓa ji daga bakinsa ba, muryar yaro ƙarami. Aka sake sara. Wasaki ya koma rijiya da nauyinsa, igiya ta fizgi takarkari ya faɗi. Maiguwa yana sujada, goshinsa a ƙasa, yana jin gudun ƙafafu ta cikin ƙasar, hawaye na zuba, bakinsa na karatu da sauri har harshe na harɗewa. Bai tsallake ko raka'a ɗaya ba. Ya zauna ya yi tahiya, ya sallame, sannan ya juyo.

Isufu na zaune jingine da komi. Hannunsa na dama ya rabu daga ƙasan gwiwa, fata kaɗai ke riƙe da shi. Na hagun da ya kare kansa da shi, yatsu uku babu. Jini na tsartuwa cikin komi, shanu sun tura kai suna sha da ruwan da jinin, babu mai korarsu. Ɗangana na tsaye da takobi a hannu, ko gudu bai yi ba. Maiguwa ya tumɓuke gwafa daga ƙasa ya rufe shi da ita, ya karya masa kafaɗa da ƙafa, yana nema ya fasa kan, sai Cima ta sha gabansa, hannuwanta jina-jina, ta riga ta ɗaure damtsen Isufu da ɗankwalinta.

"Kashe shi ba ya tsai da jinin ga," ta ce. "Ɗauko amalanke."

A amalanken jaki suka kai shi bakin hanya, wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya ji tausayinsu ya kwashe su zuwa asibitin mishan da ke wajen Madawa. Lokotoro, wato likita, ya yanke hannun daga saman gwiwa. Wani ma'aikacin jinya mai suna Yohanna, wanda ke wanke ciwon kullum, ya gaya wa Maiguwa cewa da ba don ɗaurin da Cima ta yi ba, da gawa suka kawo.

A harabar asibitin, ƙarƙashin itacen bedi inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, akwai wani tsoho, Malam Lurwanu daga Bangi, da ya kawo matarsa. Shi ke jan su salla. Maiguwa ya ga mutum ne mai karatu, sai wata rana bayan azahar ya ba shi labarin duka. Gaskiya ba tambaya ya je yi ba. So yake wani mai rawani ya ce masa ya yi daidai, jarrabawa ce kuma ya ci.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. "Ka ji kiranshi?"

"Na ji, Allah gafarta malam."

"Ka san takobi na?"

"Na sani. Amma na riga na yi kabbara."

"Wa yag gaya maka ba a yanke salla don ran mutum?" in ji Malam Lurwanu, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ko makaho kag gani za ya hwaɗa rami, wajibi na ka yanke ka riƙe shi, balle ɗan'uwanka. Salla kana sake ta, ɗana, lokacinta bai hita ba. Wanda yak koya maka wanga bai sani ba."

Hannun Maiguwa ya tashi da kansa, yadda ya saba. Tsohon bai kauce ba, kallonsa kawai yake. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Maiguwa ya tashi ya zaga bayan katanga.

Sun koma gida sun tarar shanun sun ƙare sai biyu. Jandarmomi sun tafi da Ɗangana, ya yi shekaru a kurkuku, ya fito yana ɗingishi. Maiguwa bai sake tsayawa bakin rijiya ba. Ya koma cikin masu fasa dutse suna jera shi a gangaren tudu don tare ruwan sama, aikin da aka fi sanin mata da shi, bai kuma damu da masu dariya ba. Ba a sake jin ya daki kowa ba. Salla kuwa yana nan a kan lokacinta, sai dai yanzu da inuwa ta kai yakan ajiye dutse ya gangara gida da sauri, don Isufu ba ya iya alwala da yatsu biyu. Maiguwa ke tsugunawa a gabansa ya wanke masa fuska, ya wanke guntun hannun da na hagun, ya shafa masa kai, ya wanke ƙafafu. Isufu ya daina tsokana. Yakan miƙa gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a wani wuri.

Sun daɗe a haka ba wanda ya ta da maganar. Sai wata la'asar, shekaru bayan nan, Maiguwa na riƙe da dungulmin a tafin hannunsa, buta a ɗayan, ya kasa zuba ruwan.

"Isuhu," ya ce. "Ka yahe mini."

Isufu ya dubi butar.

"Ɗangana na yahe mishi tun muna asibiti," ya ce. "Shi ƙishirwa ta tuƙa shi, da haƙoranshi da ka zubar. Kai kau ina ta ƙoƙari, Yaya, kullum ina roƙon Allah shi ba ni iko, har yau ban kai ba. Zuba ruwan, kar mu makara."

Maiguwa ya zuba.