Babi Uku da Ban Karanta Ba

Ina aji biyar na sakandare a Illela malaminmu na adabin Hausa ya ba mu aikin rubuta sharhi a kan wani littafin labari. Labarin wani magidanci ne da ya tafi ci-rani ya bar mata da ’ya’ya huɗu, shekara ta zagayo bai dawo ba, wata ma ta zagayo. Kwafin littafin bai wadata ba a ajin, sai na ari na abokina da muke zama benci ɗaya. Shi ya riga ya gama karantawa.

A lokacin ni ake yi wa kallon gwanin rubutu a ajin, ni ma kuwa na yarda da hakan fiye da kowa. Makon nan yayana ya sayi sabon babur, kullum da yamma sai ya goya ni mu yi ƙauyen Araba mu dawo. Haka kwanaki suka ƙare saura babi uku ban karanta ba. Na ce a raina ai na riga na gane inda labarin ya dosa.

Gabatarwa ta zo mini da sauƙi. Na yi bayanin jigo, na taɓo salo, na kawo misalai daga babukan da na sani. Da na iso kammalawa sai na tsaya. Malam ya sha gaya mana cewa a sakin layi na ƙarshe ake tattara abin da aka riga aka faɗa, a yanke hukunci a kansa, ba a kawo sabon zance. To hukunci nake son yankewa, irin wanda zai sa aji ya yi tsit. Na rubuta cewa marubucin ya nuna mana namijin da ya tsallake ya bar iyalinsa bai cancanci a kira shi uba ba, kuma abin da ’ya’yansa za su gada daga gare shi kunya ce kawai. Na karanta jimlar sau uku don daɗinta.

Ranar Laraba Malam ya shigo da takardunmu, ya zaro tawa ya miƙo mini.

“Tashi ka karanta muna kammalawarka.”

Na miƙe, na gyara murya, na karanta a tsanake, har ina jan kalmar “kunya”. Ajin ya yi tsit kuwa. Sai dai babu wanda ke kallona. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu na satar kallon wanda ke zaune kusa da ni.

A nan na tuna. Mahaifin abokina ya tsallaka iyaka ta Konni ya yi arewa neman aiki tun muna firamare, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk unguwa an sani. Ni ma na sani, na sha cin tuwo a gidansu.

Malam ya ce, “Ka kai ƙarshe nai?”

Na mai da idona kan takardata.

“Da kai nike. Littahin, ka kai ƙarshe nai?”

“Ban kai ba, Malam.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce da wata ɗaliba ta gaya mini yadda labarin ya ƙare. Ta ce mutumin yana hanyar dawowa gida ciwo ya kwantar da shi a wani ƙauye da ba a san shi ba, can ya rasu, sai bayan shekaru wani matafiyi ya kawo wa matarsa jakarsa, da takalman yara ƙafa huɗu a ciki.

Malam ya ce in sake rubutawa. Na zauna. Kafaɗata na gogar ta abokina, amma na kasa juyawa har aka tashi.

Bayan la’asar na karanta babi ukun a zaure, sannan na ɗauki littafin na nufi gidansu. Mahaifiyarsa ce ta amsa sallamata.

“Maraba da ɗana. Kwana biyu, mi ya hana ka zuwa?”

Ta dama fura ta miƙo mini. Ashe bai gaya mata komai ba. Na kurɓa kaɗan na ajiye.

Abokina ya rako ni har bakin titi. Na miƙa masa littafin, na ce ya yafe mini, ban yi da nufinsa ba.

“Na sani,” in ji shi. Ya ɗan juya littafin a hannunsa. “Ni ƙarshen na hwara karantawa. So nike in gani ko ya dawo.”

Muka tsaya babura na wucewa, har ya ce zai koma ciki.

Sabuwar kammalawar layi biyar ce kacal, babu wata jimla mai daɗi a cikinta. Malam ya ba ni maki matsakaici. Mun ci gaba da zama benci ɗaya har muka gama makaranta, bai sake tayar da zancen ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa abin da ya rubuta a tasa ba. Mahaifinsa dai har yau ba a ji labarinsa ba.