Azumin da Ya Ƙafar da Nonona

A lokacin ina matashiyar uwa a Talata Mafara, ina goyon ɗiyata ta fari, kuma ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta 'yar cocinmu. Mijina malamin gona ne, kullum yana bisa babur tsakanin Bakura da ƙauyukanta. Bakina na da kaifi wajen addu'a, har mata kan ce in na buɗe murya sai sama ta amsa. Ni kuma, kaico, na yarda da su.

Ranar da 'yan bindiga suka tare mijina a hanyar Damri suka shige daji da shi, na durƙusa a tsakar gida na yi wa Ubangiji alkawari: ko ruwa ba zai shiga bakina ba daga asuba har faɗuwar rana, abinci kuwa sai kurɓin koko, har sai ya maido mini da shi. Fasto ya ce mai shayarwa ba ta irin wannan azumi, na ce a raina bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Maƙwabciyata, wata tsohuwa Musulma da nake kira Inna, ta kawo mini kunun kanwa, ta ce ko a watan azuminsu an yi wa mai goyo sauƙi. Na karɓa don kunya, tana fita na juye wa awaki.

Nono ya fara ja da baya, na ce gwaji ne. Yarinya ta yi ta tsotso tana kuka, na dama mata koko da ruwan rijiya, gudawa ta kama ta. Maimakon asibiti sai na ƙara tsawon addu'a. Sai da maɗigarta ta faɗa, Inna ta kwance ta daga bayana ta ce, "Ɗiyata, Allah kike nema, ko kokawa kike da shi?" Muka garzaya asibiti, amma mun makara.

Bayan makonni mijina ya dawo, ƙafafu a kumbure. Ko zama bai yi ba ya tambayi ina ɗiyarsa. Har gobe ban san da wane baki na gaya masa ba.

A bakin kabarinta duk daɗin bakin nan ya gudu ya bar ni. Abin da ya iya fitowa kawai shi ne, "Yesu, kada ka bar ni." Ran nan ne na fara jin ƙishirwarsa shi kansa. Da can abin hannunsa nake so, kuma na ɗauka yunwata za ta tilasta shi.

'Yan'uwana mata, ku nemi Allah da kuka, da dukan zuciya, amma ba a murɗa masa hannu. In kina goyo, sha kununki, ki shayar, ki yi addu'arki da ɗiya a ƙirji. Ni yanzu can baya nake zama a coci, kuma in jariri ya yi kuka, nakan bar waƙar in waiwaya.