Ranar da Kawu Sale Ya Ji "Run"

Jama'a, yau Turanci ya kusa kashe Kawu Sale!

Gudawa ce ta kama shi, na goya shi a babur zuwa asibitin garinmu. Sabuwar likitar 'yar bautar ƙasa ce, ba ta jin Hausa. Ta ce, "Running stomach. We'll run a test."

Kawu ya ce, "Na yi firamare, run gudu ne. Har sau biyu ta faɗa." Ya cire takalmi, ya fita a guje. Sai a gonar gyaɗar Malam Audu na cim masa, yana ta haki.

Na ce, "Kawu, run ɗin farko gudawa take nufi, na biyu kuma gwaji za su yi maka."

Ya ce, "Ashe Turawa ma suna cikin matsi. Kalma ɗaya suke raba wa gida uku?"